Lamba a Dantse, Takarda a Hannu: Daga Ƙofar Kuyambana Zuwa Jidda

Mai karatu, yau ba labarin saurayi da budurwa na zo maka da shi ba, don haka sai ka gyara zama. Tarihi ne, kuma abin da ya sa na tono shi hawayen wata tsohuwa ne da na gani da idona a cikin azumin 2022, wato Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji.

Gidanmu yana cikin birnin Zariya, a unguwar Ƙofar Kuyambana. Tun muna yara mun tashi mun ga ƙofa ba ƙyaure, ganuwa kuma ruwa ya cinye wani wuri, mutane sun kwashe wani wuri sun yi gini. Amma manya sun sha gaya mana cewa a da ba haka abin yake ba. Kowace ƙofa, daga tamu har Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Tukur-Tukur da sauransu, tana da sarkin ƙofarta. Rana na faɗuwa ake rufewa, wanda dare ya yi wa a waje sai ya nemi wurin kwana. Fatake kuwa zango suke sauka, sai an san daga ina suke, wa suka zo wurinsa, sannan su shiga. Haka nan in agana ta shigo gari, sun ce akan yi wa mai ita bukka a gefe, wanda ya taɓa yin ta ya warke shi ke kai masa abinci. Ashe ke nan tsare baƙo a bakin ƙofa da keɓe mai ciwo mun san su tun kafin Bature ya zo Zariya a 1902.

A addini ma abin yana da asali. Malamai suna karantar da mu cewa an hana shiga garin da annoba ta sauka, an kuma hana na ciki fita don gudu. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da labarin annoba ya riske shi a wani wuri da ake kira Sarag, sai ya yi shawara da sahabbai ya juya Madina. Annobar Amwas ke nan, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ta ɗauki manyan sahabbai irin su Abu Ubaida. Turawa kuwa sai a 1377 birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrobnik, ya kafa dokar tsare masu zuwa daga ƙasar annoba kwana 30. Daga baya aka mayar da shi kwana 40, kuma daga kalmar arba'in ta harshen Italiya aka samo sunan da Turawa ke kiran killacewa da shi. Da na gaya wa Gwaggo wannan, dariya ta yi ta ce, "Ashe su ma suna zaman arba'in, sai dai nasu ba jariri."

To, ta yaya wannan doka ta hau kan mahajjata? A 1865 cutar kwalara ta ɓarke a Makka lokacin aikin Hajji, ta kashe dubban alhazai, sannan ta bi jiragen ruwa zuwa Masar, daga can ta tsallaka Turai. Hankalin manyan ƙasashe ya tashi, suka yi taro a Istambul a 1866, kuma daga nan aka fara kallon alhaji a matsayin mai ɗauke da cuta. A farkon shekarun 1880 aka buɗe sansanin killacewa a tsibirin Kamaran na Bahar Maliya don masu zuwa daga Indiya da gabas, akwai kuma na Ɗur a gefen Sina'i don masu komawa ta Masar. Gaskiyar magana, tsoron kada cuta ta kai gidajensu ya fi tausayin alhazai yawa a zukatan waɗanda suka shirya wannan tsari. Amma kwalarar ma gaskiya ce, gawarwakin da aka binne a Mina ba Bature ne ya ƙirƙiro su ba.

Mu nan gida mun ɗanɗana abin da ƙofa a buɗe ke jawowa a 1918. A watan Satumba na shekarar jirgin ruwa ya sauke mura mai kisa a Legas, ta hau jirgin ƙasa, wanda tun 1911 ya ratsa Zariya ya isa Kano, kafin shekara ta ƙare ta game Arewa. Ita ce tsofaffi ke kira marisuwa, kuma an ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a Nijeriya. Ganuwa ta tare mahayin doki, amma ba ta san yadda za ta yi da jirgin ƙasa ba. A 1926 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar killacewa ta ƙasa. Riƙe wannan shekara da kyau, mai karatu, don za mu sake haɗuwa da ita.

Yanzu bari na shigo da kakana, mahaifin Gwaggo. Yana cikin waɗanda suka tafi Makka a ƙasa a shekarun 1940. Daga Zariya ya bi ta Kano da Maiduguri, ya tsallaka Fort Lami wadda yau ake kira Njamena, ya wuce Abeshe da Janaina da Fashir da Ubayyid. Guzuri ya ƙare, sai ya tsaya yana tsintar auduga a gonakin Jazira, inda ya tarar da Hausawa da Fulani jingim, wasunsu zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Da ya tara kuɗi sai ya nufi Sawakin, tashar da hukumar Sudan ta ware don tsallakar da alhazai. Gwaggo ta ce har ya rasu bai daina ba da labarin Sawakin ba: a yi maka lamba, a yi maka allura, a buga hatimi a takardarka, in ka dawo kuma a tsare ka a sansani kana ƙirga kwanaki kana hangen teku. Waɗanda ba su da kuɗin takarda sukan zagaya ta Masawa su shiga kwale-kwalen Larabawa da dare, wasu su tsallaka, wasu ruwa ya ci su, wasu a sauke su a bakin gaɓar da ba ruwan sha. Shekara bakwai kakana ya yi kafin ya sake shigowa ta Ƙofar Kuyambana, ya tarar an riga an fitar da rai da shi.

Abin lura a nan shi ne, tun a wancan lokaci doka ɗaya ce amma nauyinta ba ɗaya ba ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, har ya biya ta Ingila. Talaka kuwa kuɗin hatimi kaɗai ya isa ya ƙara masa shekara guda a gonar auduga. Irin wannan wahala ce ta sa Alhaji Abubakar Imam, marubucinmu na Gaskiya Ta Fi Kwabo nan Zariya, ya kai maganar alhazai majalisa a 1953, ya nemi a buɗe ofishin kula da su a Jidda. A 1957 Saudiyya ta karɓi ragamar killace alhazai da kanta, ta buɗe nata sansanin a Jidda. Jirgin sama ya maye gurbin raƙumi da babbar mota, tafiyar shekara bakwai ta koma ta sa'o'i, amma takardar allura ta ci gaba da bin alhaji, katin nan ruwan ɗorawa na ciwon shawara da kowane matafiyi ya sani.

Gwaggo tana da tabo a dantsenta na hagu, zagayayye kamar kwabo. Ta ce a ƙarshen shekarun 1960 ne aka tara su a ƙofar gidan mai unguwa aka yi musu lamba da wata na'ura da suke kira bindiga. Rabon Nijeriya da agana tun 1970, a 1980 kuma aka shelanta cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yaran yanzu ba su ma san me ake nufi da zanen agana a fuska ba.

Sai dai tsakaninmu da allura ba kullum ake ga-maciji da daɗi ba, kuma akwai dalili. A 1996 sanƙarau ya yi mana mummunar ɓarna, sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. A shekarar Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya shiga, mutane sun riga sun yi sallama da dangi, wasu suna sansanin alhazai, aka ce kowa ya koma gida. A cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Da aka zo 2003 sai jita-jita ta samu gindin zama, aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta dawo ba sai watan Yuli na 2004. Cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, kuma sakamakon da muka girba shi ne, aka wayi gari dattijo mai furfura daga Nijeriya sai an ɗiga masa maganin shan-inna a baki a filin jirgin Jidda kamar jariri.

Amma ka dubi 2014. Ibola ta shigo Legas ranar 20 ga Yuli ta jikin wani matafiyi daga Laberiya. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta rasa ranta a dalilin haka, aka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da shi aka killace. A Hajjin shekarar Saudiyya ta hana mutanen Gini da Laberiya da Saliyo, amma alhazan Nijeriya suka tafi. Ka ga bambancin 1996 da 2014: a ɗaya cuta ta fi ƙarfinmu aka rufe mana ƙofa, a ɗaya mun tare ta a gida aka yarda da mu.

Daga nan sai korona. Gwaggo ta yi shekara goma sha ɗaya tana tara kuɗin kujera, daga adashi da kiwon tumaki da sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ita da aminiyarta, maƙwabciyarmu da muke kira Inna, tare suka kai kuɗin ajiya a farkon 2020, lokacin kujera tana wajen Naira miliyan 1.5. Gwaggo tana da shekara 64, Inna ta girme ta da uku. Har sun ɗinka kayan tafiya iri ɗaya.

Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara, kuma a ranar ce aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya. Ranar 23 ga Maris aka rufe filayen jiragen sama ga masu zuwa daga waje. Ranar 26 ga wata gwamnatin Jihar Kaduna ta kulle mu a gida, ba kasuwa ba Juma'a, muka yi azumi da sallah a haka, sai a watan Yuni aka sassauta. Da wace doka aka dogara? Da dokar nan ta 1926, wadda ta yi shekara 94 tana jiran ranarta. Har iyakar Kano da Kaduna aka datse, wanda ke da 'ya a Kano bai isa ya je suna ba. Ni dai a lokacin na kan tsaya na dubi ƙofarmu marar ƙyaure na ce, ashe sarkin ƙofa bai mutu ba, kaki kawai ya sauya.

A watan Yuni Saudiyya ta sanar cewa ba mai zuwa Hajji daga waje. Wurin da ya ɗauki mutum kusan miliyan 2.5 a 2019, a 2020 waɗanda suka tsaya a Arfa ba su wuce 10,000 ba, duk mazauna ƙasar. Aka ce wanda ke son kuɗinsa ya karɓa, wanda ke so ya bari. Gwaggo ta ce, "Kuɗin da na ba Allah ba na karɓowa." A 2021 ma haka, mutum 60,000 kacal, mazauna ƙasar, kuma sai wanda ya yi rigakafi.

A nan ne rigima ta shigo gidanmu. Allurar farko ta iso Nijeriya ranar 2 ga Maris, 2021, kusan miliyan 4 ta AstraZeneca. Gari kuwa ya cika da magana: wai tana hana haihuwa, wai wanda ya yi ba zai wuce shekara biyu ba, wai cokali na mannewa a inda aka yi ta. Gwaggo ta rantse ba mai soka mata. Ana cikin haka wani mutum ya same ni ya ce in kawo 'yan dubbai ya kawo wa tsohuwa kati da hatiminsa, ba sai allura ta taɓa ta ba. Ba zan ɓoye maka ba, mai karatu, zuciyata ta raya mini in karɓa. Da dare na same ta a ɗaki na gaya mata, a zatona za ta yi murna.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "'Yar nan, ɗakin Allah zan je da takardar ƙarya a jakata? In ce labbaika da me?" Ta janye mayafi ta shafa tabon dantsenta. "Wannan ma da aka zo yi mana, cewa aka yi za mu mutu. Ga ni. Gobe ki raka ni."

Washegari na raka su ita da Inna asibitin unguwa aka yi musu. Gwaggo ta yi zazzaɓin kwana biyu ta miƙe.

Ita don tsoron Allah ta ƙi katin, amma ko ta fuskar duniya ita ce mai gaskiya, domin takarda ba ta da daraja sai in an yarda da hannun da ya rubuta ta. Yawan jabu ne ya sa a 2019 aka daina karɓar tsohon katin shawara aka koma sabo mai lambar da kwamfuta ke tantancewa. A 2021 ma da Ingila ta fara ɗage killacewa ga waɗanda suka yi rigakafi, da farko ba ta sa katinmu a lissafi ba, alhali allurar iri ɗaya ce da tasu, sai ranar 11 ga Oktoba ta amince. Wake ɗaya ke ɓata gari. Duk mai sayen katin jabu ƙofar 'yan'uwansa miliyoyi yake turawa ta rufe.

Wannan ba ya nufin masu riƙe da makullin sun yi adalci. Murnar Oktoba ba ta kai wata biyu ba sai ga nau'in Omikron. Ranar 6 ga Disamba Ingila ta sa Nijeriya a jerin ja, wanda ke da izinin zama can in ya koma sai ya yi kwana 10 a otal ya biya Fam 2,285 daga aljihunsa, alhali cutar ta riga ta bazu a cikin Ingilar. Ranar 15 ga wata suka janye da kansu. Saudiyya ma ta dakatar da jiragenmu a watan. Kuma a cikin Disambar ce aka lalata allura sama da miliyan ɗaya a Abuja, domin waɗanda suka ba mu kyauta sun riƙe ta sai da ta kusa lalacewa suka turo. An ce ba mai wucewa sai da allura, allurar kuma tana hannun masu ƙofar. Labarin Sawakin ke nan ya dawo da sabuwar riga.

A gida kuwa a hankali aka riƙa zare sakata. Filayen jiragen Legas da Abuja sun buɗe ranar 5 ga Satumba, 2020, da sharaɗin gwaji da keɓe kai kwana 7. A Disamba aka buɗe iyakokin Illela da Maigatari da Seme da Mfum, ta Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Daga 25 ga Oktoba, 2021, aka ɗauke wa wanda ya kammala rigakafi zaman kwana bakwai ɗin.

Sai babban albishir. A watan Afrilu na 2022, cikin azumi, Saudiyya ta ce ta buɗe Hajji ga mutum miliyan ɗaya na ciki da waje. Ina tsakar gida ina dama kunun buɗa-baki na ji a rediyo, na ƙwala wa Gwaggo kira, ta fito da carbi a hannu tana hamdala. Mai labarai ya ci gaba da jero sharuɗɗa: cikakken rigakafi, gwajin da bai wuce sa'a 72 ba, sannan kuma kada shekarun maniyyaci su kai 65. Nijeriya an ba ta kujera 43,008 maimakon 95,000.

Gwaggo ta cika 66. Inna 69.

Ba ta ce komai ba. Ta koma ɗaki ta ɗauko katin rigakafinta da ta naɗe a leda, ta zauna bakin gado tana jujjuya shi, hawaye na bin kuncinta. Can ta ce, "Sun ce allura, na yi. Shekarun kuma a ina zan rage su?" Shekara biyun da ta yi tana jiran ƙofa su ne suka hana ta shiga ƙofar. Na san dalilin dokar, korona ta fi kayar da tsofaffi, kuma ba zan ce masu ita mugunta suka nufa ba. Amma a ƙasarmu talaka sai ya tsufa kuɗin kujerarsa ke cika, don haka dokar da ta ware tsofaffi talakawa ta ware.

A watan Janairu na 2023 aka ɗage ƙa'idar shekaru, aka mayar wa Nijeriya kujerunta 95,000. Sai dai kujerar da ke miliyan 1.5 ta koma kusan miliyan 2.5 a 2022, a 2023 kuma ta doshi miliyan 3. Muka sayar da gonar da Gwaggo ta gada, 'ya'ya da jikoki kowa ya kawo abin da ya samu. Ranar 5 ga Mayu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta fita daga matakin ta-ɓaci, bayan 'yan makonni Gwaggo ta hau jirgi da katinta na gaskiya a jaka, ta tsaya a Arfa cikin mutum sama da miliyan 1.8.

Inna ba ta ga wannan rana ba. Ta rasu a damunar 2022 bayan gajeriyar jinya, kayan tafiyarta na ƙasan akwati. Gwaggo ta tafi da mayafinta, ta ce da shi ta yi ɗawafin ban-kwana.

Ranar da ta dawo, da motar ta iso Ƙofar Kuyambana sai ta ce direba ya tsaya. Ta sauko ta shiga da ƙafarta, yara na biye da ita suna neman tsaraba. Na ce, "Gwaggo, ga rana, ga gajiya." Ta ce, "Babana da ƙafa ya shigo ta nan bayan shekara bakwai. Ni uku kawai na jira."

Katin yana nan a cikin ledarsa, ta haɗa shi da tsohuwar takardar mahaifinta mai hatimin Sawakin, wadda gara ta ci gefenta. Ta ce in ta rasu ni zan riƙe su, kuma in wata annobar ta zo, in nuna wa yara kafin mai sayar da katin jabu ya riga ni zuwa wurinsu.

Allah ya jiƙan Inna, ya ba ta ladan niyyarta. Waɗanda ke tara kuɗin kujera Allah ya cika musu buri da sauran ƙarfinsu. Ya kare mu daga annoba, ta fili da ta ɓoye. Sai mun sake haɗuwa in da rai da lafiya. Wassalam.